Tarihin Nasiruddin Dinet, Bafaranshe mai zanen rayuwar Musulmin Aljeriya

A ranar 12 ga watan Janairun 1930 ne dubban jama'a suka taru a garin Bu Sa'ada na ƙasar Aljeriya, domin binne wani Bafaranshe da aka ɗauko gawarsa tun daga birnin Paris.

Sunansa na yanka Alphonse-Etienne Dinet, amma mutanen garin da Alhaji Nasiruddin suka san shi.

Marigayin dai ya shafe shekaru 45 yana zana abu guda, wato mutanen kudancin Aljeriya da ƙasarsu. Ya fara da hasken rana da duwatsu, ya koma kan yara da mata da tsofaffi, daga bisani kuma ya ƙare a kan masu salla da alhazai. Wanda ya jera zane-zanensa bisa shekarun da aka yi su, zai ga yadda abin da yake zanawa ya riƙa jan sa sannu a hankali, har ya raba shi da garinsu da sunansa da kuma addinin da aka haife shi a ciki.

Haihuwa da karatu

An haifi Dinet a birnin Paris ranar 28 ga watan Maris na 1861, a gidan masu hali. Mahaifinsa lauya ne, kuma iyalin suna da wani katafaren gida a ƙauyen Hericy da ke kusa da dajin Fontainebleau. Yana da ƙanwa mai suna Jeanne, wadda daga baya ta rubuta tarihin rayuwarsa.

Ya yi karatu a makarantar Henri na Huɗu, ɗaya daga cikin manyan makarantun Paris. Bayan ya kammala aikin soja na dole, sai ya shiga babbar makarantar koyon zane ta birnin a 1881, sannan ya koma makarantar Julian, inda ya yi karatu a hannun William Bouguereau da Tony Robert-Fleury.

Waɗannan malamai dai sun shahara ne wajen fitar da surar ɗan Adam daidai wa daida, tun daga jijiyar hannu har zuwa ƙwayar ido. Wannan horo ya bi Dinet har ƙarshen rayuwarsa, domin ko a lokacin da wasu takwarorinsa suka rungumi sababbin salon zane, shi bai bar fitar da fuska yadda take ba.

Ayyukansa na farko ba su da wata alaƙa da Afirka. Ya zana wata tsohuwar ƙauye, da gaɓar kogin Seine, da kuma labarin wani waliyyin Kirista, wanda ya samo masa lambar yabo a baje kolin zane-zane na Paris a 1884.

Tafiyar da ta sauya alƙibla

A wannan shekara ta 1884 ne ya raka wani ayarin masu binciken ƙwari zuwa Aljeriya, wadda a lokacin ta yi shekaru 54 da faɗawa hannun Faransa. Ayarin dai wani irin buzuzu ya je nema a bakin hamada, kuma a wannan tafiya ce Dinet ya fara ganin Bu Sa'ada, wani dausayi mai dabino da ke kimanin kilomita 250 kudu da Aljiyas, babban birnin ƙasar.

A shekarar da ta biyo baya ya sake komawa da kuɗin tallafin tafiya da ya samu, inda ya kai har Laghouat da yankin Mzab.

Abin da ya fara kama masa ido shi ne haske. Mutumin da ya tashi a ƙasar hazo da gajimare ya iske kansa a wurin da rana ke sauya launin katangar ƙasa sau da dama kafin ta faɗi, inda inuwa kan koma shuɗiya, dutse kuma ya yi ja da la'asar. Zanen da ya yi na sorayen Laghouat a 1885 ya nuna haka ƙarara, domin gine-gine da zafin rana ne suka cika shi, mutanen da ke ciki kuwa ƙanana ne.

Ba a daɗe ba sai mutanen suka fara matsowa gaba. A zanen da ya yi a 1889 na wani gardi mai wasa da maciji, wanda ke ajiye a gidan adana zane-zane na birnin Sydney a Ostareliya, fuskokin 'yan kallo ne suka fi ɗaukar hankali: wani ya buɗe baki, wani yana dariya, yara kuma sun ɗan ja da baya don tsoro.

Bambancinsa da waɗanda suka gabace shi

Dinet ba shi ne Bature na farko da ya zana Arewacin Afirka ba. Tun a 1832 Eugene Delacroix ya ziyarci Maroko da Aljeriya, kuma bayansa aka samu jerin masu zane da ake kira masu zanen Gabas, irin su Eugene Fromentin da Jean-Leon Gerome.

Da yawa daga cikin masu wannan salo sukan yi 'yan makonni ko watanni ne kawai a ƙasashen Musulmi, su sayo darduma da takubba da tufafi, su koma ɗakunan aikinsu a Turai su sa wa 'yan ƙasarsu su zana. Abin da masu saye ke so shi ne kasuwar bayi, da matan kulle a gidajen sarakuna, da mahaya masu zare takobi.

Dinet ya ɗauki wata hanya dabam. Ya duƙufa wajen koyon Larabci har ya iya magana da karatu, ya kuma riƙa komawa Aljeriya kusan kowace shekara. Duk da haka bai raba gari da takwarorinsa ba, domin yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu zanen Gabas ta Faransa a 1893. Ya samu lambar azurfa a babban baje kolin duniya na Paris a 1889, da ta zinariya a na 1900, kuma gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa a 1896.

Sulaiman bin Ibrahim

Babu wanda ya yi tasiri a kan aikin Dinet kamar Sulaiman bin Ibrahim, wani matashi ɗan asalin Mzab da suka haɗu a wajajen 1889. Ya fara ne a matsayin ɗan jagora, amma abotarsu ta kai shekaru 40, har mutuwa ta raba.

Sulaiman ne ya buɗe masa ƙofofin da Bature ba ya shiga. Ta hannunsa Dinet ya samu zama a gidajen jama'a, ya halarci bukukuwan aure da zaman makoki, ya kuma ji tatsuniyoyi da labaran soyayya da makiyaya ke bayarwa da dare.

Waɗannan labarai sun zama wata babbar rijiya da yake ɗiba. A 1898 ya fitar da littafin Antar, wato labarin Antaru ɗan Shaddadu, jarumi kuma mawaƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, wanda ya ƙawata da zane-zanensa. Daga nan shi da Sulaiman suka shiga fitar da littattafai tare, Sulaiman na kawo labari, Dinet na mayar da shi Faransanci yana kuma yi masa zane. Cikinsu akwai na tatsuniyoyin Sahara a 1902, da wani ƙagaggen labari a kan wata mai rawa da ake kira Khadra a 1910.

Zanensa da ya fi shahara a Faransa ma daga irin wannan labari ya fito. Shi ne na wasu masoya biyu, Abdul Garam da Nurul Aini, wato Bawan So da Hasken Ido, wanda ya kammala a wajajen 1900, kuma yake cikin kayan gidan adana zane-zane na Orsay a Paris.

Zaman Bu Sa'ada

A tsakiyar shekaru goman farko na ƙarni na 20 ne Dinet ya sayi gida a Bu Sa'ada, a unguwar 'yan ƙasa maimakon ta Turawa. Daga lokacin yakan shafe kashi uku cikin huɗu na shekara a can, sai ya leƙa Paris don baje kolin ayyukansa.

A wannan zamani ne abubuwan da ya fi son zanawa suka fito fili.

Na farko su ne yara. Ya zana su suna wasa a kan yashi, suna kokawa, suna faɗa, suna rike da allo a makaranta, suna ado ranar salla. Kusan babu wani mai zanen Gabas da ya ba yara muhimmanci kamarsa.

Na biyu su ne waɗanda rayuwa ta juya wa baya: makafi da 'yan jagorarsu, da mabarata, da tsofaffin mata, da matar da aka saka ta fito da 'ya'yanta ba ta san inda za ta nufa ba.

Na uku kuwa shi ne dare. Saboda zafin rana, mutanen dausayi kan hau soro bayan magariba su sha iska, kuma Dinet ya yi ta ƙoƙarin kama launin farin wata a kan fararen tufafi da fatar jiki.

Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne fuska. Dariya, da kishi, da fushi, da baƙin ciki, da natsuwa, su ne ainihin abin da yake bi. A lokacin da yawancin Turawa ke kallon 'yan ƙasar a matsayin taron da ba a bambance ɗaya da ɗaya, shi ya zana mutanen da maƙwabtansu za su iya nunawa su faɗi sunayensu.

Akwai kuma kashi na huɗu, wanda har yau shi ne ke jawo masa suka. Ya yi zane-zane masu yawa na 'yan matan ƙabilar Aulad Na'il, wasu cikin kayan rawa da sarƙoƙin tsabar zinariya, wasu kuma suna wanka a rafi babu sutura. Irin waɗannan zane-zane suna da kasuwa sosai a wurin attajiran Paris.

Shiga Musulunci

Hausawa kan ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Shekarun da Dinet ya yi yana zaune yana kallon masu salla domin ya fitar da tsayuwarsu da ruku'unsu da zaman tahiyarsu, sun bar masa alama.

A 1908 ya shaida wa wani na kusa da shi a cikin wasiƙa cewa ya karɓi Musulunci, sannan a 1913 ya bayyana haka a fili, ya kuma ɗauki sunan Nasiruddin. A 1927 ya sake jaddada shahadarsa a gaban malamai a birnin Aljiyas.

Wannan mataki ba ƙarami ba ne a wancan zamani. A ƙarƙashin mulkin mallaka, Musulmin Aljeriya ba su da cikakken 'yancin ɗan ƙasa, kuma akwai wata doka ta musamman da ta ba jami'an Faransa ikon hukunta su ba tare da zuwa kotu ba. Don haka Bafaranshen da ke da suna da lambobin girma ya shiga addinin waɗanda ake mulka, abu ne da Turawa 'yan kama-wuri-zauna da dama ba su ji daɗinsa ba.

Daga wannan lokaci al'amuran addini suka ƙara yawa a cikin aikinsa. Ya zana liman yana jan salla, da jama'a a kan tudu suna duban jinjirin watan azumi, da mata a maƙabarta suna ziyara, da ayarin masu niyyar aikin hajji. Bai daina zana mutane ba, duk da saɓanin da ke tsakanin malamai game da zana abu mai rai.

Yaƙin duniya da littafin Sira

Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, Faransa ta ɗebi Musulmin Aljeriya kimanin dubu 170 zuwa fagen daga, kuma dubbai daga cikinsu ba su dawo ba.

Dinet ya shiga fafutukar ganin an kula da waɗanda suka ji rauni, an kuma binne waɗanda suka mutu bisa tsarin Musulunci maimakon a kafa musu gicciye a kan kabari. Yana kuma cikin waɗanda suka goyi bayan gina babban masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926.

A 1918 shi da Sulaiman suka fitar da aikinsu mafi girma, wato tarihin Annabi Muhammadu (SAW) cikin Faransanci, wanda suka sadaukar ga Musulmin da suka mutu a yaƙin. Sun dogara ne a kan littattafan Sira na malaman Musulunci na farko, maimakon rubuce-rubucen Turawa.

Littafin na ɗauke da zane-zane 35 na Dinet, amma babu ko ɗaya da ya nuna surar Annabi ko ta sahabbansa. A maimakon haka sai ya zana Musulmin zamaninsa suna alwala da salla da tafiya a hamada, domin mai karatu ya ga yadda koyarwar take a aikace. Shafukan ado da rubutun Larabci kuwa wani matashi ɗan Aljiyas ne ya yi su, Muhammad Rasim, wanda daga baya ya zama jagoran masu ƙananan zane-zane na ƙasar.

An fassara littafin zuwa Larabci, kuma wanda ya jagoranci fassarar shi ne Sheikh Abdulhalim Mahmud, wanda ya riƙe muƙamin Shehun Azhar daga 1973 zuwa 1978.

A 1922 kuma suka fitar da wani ɗan ƙaramin littafi da ya yi raddi ga wasu masanan Turai masu rubutu a kan Musulunci, musamman Henri Lammens, suna zarginsu da karkatar da tarihi. Wannan ya zo ne fiye da shekaru 50 kafin Edward Said ya fitar da shahararren littafinsa a kan wannan batu a 1978.

Hajji da rasuwa

A watan Afrilun 1929, yana da shekaru 68, Dinet ya kama hanyar Makka tare da Sulaiman. Tafiyar ta yi masa nauyi saboda tsufa da zafi, amma ya sauke farali, ya ziyarci Madina, ya kuma dawo da zane-zane da bayanan da suka zama littafinsa na ƙarshe, wanda aka buga a 1930.

Bai ga fitowar littafin ba. Ya rasu a Paris ranar 24 ga watan Disamban 1929, 'yan watanni bayan dawowarsa. An yi masa salla a babban masallacin birnin, sannan aka ɗauki gawarsa zuwa Bu Sa'ada kamar yadda ya yi wasiyya, aka binne shi a wata farar ƙubba da ya gina tun yana raye. A nan ne aka binne Sulaiman shi ma, bayan rasuwarsa a 1953.

Muhawara a kan abin da ya bari

Bayan rasuwarsa sunansa ya dushe a Faransa, domin an daina yayin irin zanensa. A Aljeriya kuwa akasin haka aka samu. Bayan samun 'yancin kai a 1962, lokacin da ake sauya sunayen tituna ana kawar da gumakan Turawa, hukumomin ƙasar sun rungumi Dinet a matsayin nasu. Hotunan zane-zanensa, musamman na masu salla da na yara, sun bazu a ofisoshi da gidaje da kan sarki na gidan waya.

An mayar da gidansa na Bu Sa'ada gidan tarihi, wanda aka buɗe a 1993. A 1995, lokacin yaƙin basasar ƙasar, wasu 'yan bindiga suka cinna masa wuta, amma daga baya aka gyara shi.

To sai dai ba kowa ne ya yarda da wannan karramawa ba. Masu sukarsa, waɗanda suka haɗa da wasu marubutan Aljeriya, na cewa wanda ya dubi zane-zanensa ba zai san cewa ƙasar tana ƙarƙashin mulkin mallaka ba. Babu sojan Faransa, babu gonakin da aka ƙwace, babu mota ko jirgin ƙasa, alhali Bu Sa'ada gari ne mai barikin soja da otal-otal na 'yan yawon buɗe ido. Suna kuma nuni da cewa 'yan matan da ya zana tsirara 'ya'yan talakawa ne da ba su da ƙarfin cewa a'a, kuma Dinet bai taɓa kiran a kawo ƙarshen mulkin Faransa ba, illa dai ya nemi a yi wa Musulmi adalci a cikinsa.

Masu kare shi kuwa na cewa ya cire Turawa daga zanensa ne da gangan, domin ya adana wata rayuwa da ya ga tana shirin ɓacewa. A ganinsu, tufafi da kayan ado da wasannin yara da ya zana sun zama abin dogaro ga masu binciken al'adun yankin, kuma mutumin da ya zaɓi a binne shi a tsakanin mutanen da ya zana ya riga ya nuna inda zuciyarsa take.

Masanin nan na Faransa Francois Pouillon, wanda ya fitar da littafi a kansa a 1997, ya nuna cewa Dinet ya yi rayuwa biyu ne: ɗaya ta mai zanen zamanin mulkin mallaka, ɗaya kuma ta gwarzon Aljeriya mai 'yanci, wadda ta fara bayan mutuwarsa.

A 2024 Cibiyar Ƙasashen Larabawa da ke Paris ta shirya wani babban baje kolin ayyukansa, abin da ya sake tayar da wannan muhawara a ƙasashen biyu. Zane-zanensa dai suna warwatse a gidajen tarihi na Aljeriya da Faransa da Ostareliya, da kuma hannun masu tara kayan tarihi a ƙasashen Larabawa, yayin da ƙubbarsa ke nan a Bu Sa'ada, kusa da gonakin dabinon da ya yi ta zanawa.